Daga Rijiyoyin Gyaɗi-Gyaɗi Zuwa Duwatsun Riruwai: Wa Ke Lura Da Mafarin Ruwan Kano?

Duk wanda ya taɓa tsayawa kallon masu haƙar rijiyar burtsatse a Gyaɗi-Gyaɗi, ko Darmanawa, ko wani lungu na Tarauni, ya ga tarihin ƙasar Kano yana fitowa daga rami, ko da bai san shi yake kallo ba. Da farko injin jar ƙasa yake tofowa da ɓurɓushin marmara. In aka ƙara nitsawa sai launin ya kwanta, ƙasar ta yi laushi, da ɗan ƙyalli a cikinta. Wannan shi ne ruɓaɓɓen dutse, wanda ruwan sama ya daɗe yana ci tun kafin a yi mutum a wurin. Can sai kukan injin ya sauya, farar ƙura ta turnuƙe layin, maƙwabta su rufe tagogi. "An taɓa dutse," in ji masu haƙa. Daga nan mai gida zai kama addu'a, domin abin da ya rage shi ne a dace da tsaga.

Dutsen nan da ake taɓawa shi ne shimfiɗar da birnin Kano yake zaune a kai. Masana sun ce mafi yawansa ya daskare ne kimanin shekaru miliyan 600 da suka wuce, wani ma ya girmi haka. Ba shi da ƙofofin da ruwa zai zauna a ciki. Babu wani kogi ko tafki a ƙarƙashin Tarauni kamar yadda wasu ke zato. Ruwan da ake samu yana maƙale ne a ruɓaɓɓen sashen nan na sama da kuma tsagogin dutsen. Shi ya sa za ka ga gida ya samu ruwa, na jikinsa ya kashe kuɗi ya tashi da busasshen rami. Shi ya sa kuma masu awo suke zuwa kafin haƙa, su kakkafa ƙarafa a ƙasa, su tura lantarki, su karanta inda ƙasa ta fi jiƙa. In ka yi arewa maso gabas, wajejen Gumel da Haɗeja, labarin ya bambanta, don can yashi ne mai kauri ya rufe dutsen, kuma yashi yana riƙe ruwa. Birnin Kano bai samu wannan rabon ba. Ga rijiyoyi suna ƙaruwa kullum, ga siminti da kwalta sun rufe ƙasar da ruwan damina zai bi ya sauka, ga kududdufan da suke tara shi an cike da yawansu an yi gini.

Ruwan da birni mai wannan yawan jama'a zai iya jingina da shi daga kudu yake zuwa. Titin Zariya, wanda ya bi ta gaban Asibitin Malam Aminu Kano ya wuce Unguwa Uku da Na'ibawa, shi ne zai kai ka Tamburawa, inda aka gina matatar da aka tsara ta riƙa tace lita miliyan 150 a rana, kusa da mahaɗar Kogin Kano da na Challawa. Bi Kogin Kano ka yi sama, za ka iske madatsar Tiga, wadda aka kammala a 1974 zamanin Gwamna Audu Baƙo. Wuce Tiga, ka shiga Dajin Falgore. Fita daga dajin ta kudu, ƙasa za ta fara tashi, har ka kai duwatsun Riruwai a Ƙaramar Hukumar Doguwa, a gindin tuddan da suka miƙa har Jos. Birni yana kan tsayin mita 480 ko kusa da haka daga doron teku. Ƙololuwar duwatsun nan ta haura mita 1,000, ruwan saman da suke samu a shekara kuma ya fi na birni nesa ba kusa ba. Daga wannan yanki ruwan Tiga yake gangarowa. Amma ka tambayi mutum goma a kasuwar Tarauni me suka sani game da Riruwai, da wuya ka ji abin da ya wuce kuza da siyasar Doguwa.

Alhali a duniyar masana duwatsu sunan Riruwai ya yi nisa. Abin da ake gani a can yau saiwar wani ƙaton dutse ne mai aman wuta, wanda ya yi zamaninsa kimanin shekaru miliyan 170 da suka wuce. Narkakken dutse ya taso daga cikin ƙasa ya taru a wani babban kogo, ya riƙa amayo toka da wuta. Da kogon ya yi fanko sai samansa ya rufta ciki, kamar rufin soron ƙasa da azararsa ta ruɓe. Ta tsagar da ta kewaye wurin da ya rufta wani narkakken dutsen ya sake kutsowa ya daskare, daga baya kuma wani ya taso ta tsakiya ya huce a hankali ya zama giranit. Sauran aikin na ruwa da iska ne: suka kankare saman, suka bar zobe a cikin zobe. Wanda ya duba hoton tauraron ɗan'adam na yankin zai ga kewayen da idonsa.

Ba Riruwai kaɗai ke da wannan siffa ba. Jerin irin waɗannan zobba ne ya taso tun daga duwatsun Azbin na arewacin Agadas, ya bi ta Damagaram da Muniyo, ya shigo Najeriya ya biyo ta Dutse, ya ratsa Ningi da Jos, ya tsaya a Afu ta Jihar Nasarawa, tafiyar fiye da kilomita 1,000. Abin da ya fi ɗaukar hankalin masana shi ne shekarunsu suna raguwa in ana yin kudu. Na Azbin sun haura shekaru miliyan 400, na Damagaram suna wajen miliyan 300, na Dutse kimanin miliyan 213, na Afu kimanin miliyan 141. Wasu sun fassara wannan da cewa akwai wani wuri mai tsananin zafi a can ƙarƙashin ƙasa, nahiyar Afirka ce take zamewa a kansa sannu a hankali, yana huda ta yana barin tabo. Wasu sun ce a'a, tsofaffin tsagogin ƙasa ne suke farkawa ɗaya bayan ɗaya. Muhawarar ba ta mutu ba, kuma duk mai son shiga cikinta sai ya karanta abin da aka rubuta a kan Riruwai.

Wanda ya fara raba duwatsun Arewa gida biyu, tsohon giranit da sabo, shi ne J. D. Falconer, a littafinsa na 1911. A 1919 aka kafa hukumar binciken duwatsu ta Najeriya. A 1958 Jacobson da MacLeod da Black suka fitar da aikinsu a kan zobban nan, wanda ƙungiyar masana duwatsu ta Landan ta buga, sannan a 1977 Jacobson da MacLeod suka fitar da cikakken bayani a kan Riruwai da Banke da maƙwabtansu. A 1985 Judith Kinnaird da Peter Bowden na Jami'ar St Andrews ta Sikotilan, tare da abokan aikinsu, suka bi diddigin yadda ruwan zafi mai ɗauke da sinadarai ya ratsa giranit ɗin bayan ya daskare, ya sauya shi, ya bar wata jijiyar ma'adini mai tsawon kusan kilomita 5 daga gabas zuwa yamma. A cikinta akwai kuza, da tutiya, da dalma, da tagulla kaɗan. A kwarin Kaffo na wannan yanki kuma akwai wani nau'in giranit mai ɗauke da niyobiyam da yuraniyam.

Turawa ba su ne suka gano arzikin ba. Tun kafin zuwansu mutanen Riruwai suna wanke kuza a rafuka, su narka ta, su zuba ta siri-siri kamar tsinke, fatake su ɗauka. A ƙarni na 19 wasu daga cikinsu suka ƙaura suka kafa Riruwain Dalma a ƙasar Bauchi. Waɗannan tsinkayen ne Kamfanin Neja ya gani a hannun 'yan kasuwa ya bi sawunsu, har ya tura masu bincike a 1902, abin da ya buɗe ƙofar haƙar kuza ta Jos. Masanin tarihi Bill Freund ya ba da labarin yadda kamfanoni suka ture maƙeran gargajiya a littafinsa na 1981 a kan jari da ƙwadago a mahaƙan kuza. Daga baya aka haƙa rami mai zurfi a Riruwai don bin jijiyar nan ta ƙarƙashin ƙasa, aikin da ya tsaya a shekarun 1980, zamanin da kasuwar kuza ta duniya ta karye a Oktoban 1985. Masu haƙa da diga da shebur kuwa ba su taɓa dainawa ba.

Duba jerin binciken nan da kyau. Shekara ɗari ana bincike, kuma bincike ne na ƙwarai, amma kusan dukkansa tambaya ɗaya yake amsawa: me ke cikin dutsen da za a sayar? An san shekarun giranit ɗin Riruwai, an san zafin ruwan da ya haifar da kuzarsa. Tambayar da ta fi shafar matar da ke jiran mai garuwa a Gyaɗi-Gyaɗi ita ce wadda ba ta samu irin wannan kulawa ba: nawa ne ruwan da duwatsun da dajin suke saki a kowace shekara, yana ƙaruwa ko yana raguwa, kuma me yake ɗaukowa a hanya? Tambayar ƙarshen nan ba ta wasa ba ce a wurin da ake fasa dutse mai dalma a wanke shi a rafi. Abin da ya faru a Zamfara a 2010, inda gubar dalma daga dutsen zinariya ta kashe yara fiye da 400, ya isa ya sa a riƙa auna ruwan duk wani rafi da ke kusa da mahaƙa, ba sai an ji kuka ba.

Dajin Falgore shi ne matsakaici tsakanin dutsen da madatsar. An keɓe shi tun shekarun 1940 da sunan Dajin Kogin Kano, a shekarun 1960 aka mayar da shi gandun namun daji. Faɗinsa murabba'in kilomita 920 ne, ya taɓa ƙananan hukumomin Tudun Wada da Doguwa da Sumaila, titin Kano zuwa Jos ya tsaga shi, ta gabas kuma yana fuskantar dajin Lame-Burra na Bauchi. Dajin itacen doka ne, irin wanda ba a gani a kewayen birni, da kawo da taura da marke da madobiya a cikinsa, ga maɗaci da ɗinya a bakin rafuka. Aikin da itatuwan nan suke yi wa Kano ba ya bayyana ga mai wucewa a mota. Ganye yana karya ƙarfin ruwan sama kafin ya taɓa ƙasa, busasshen ganyen da ya zube yana hana shi gudu, saiwa tana buɗe masa hanya ya nitse, ya riƙa tsattsafowa cikin rafuka bayan damina ta wuce. In aka sare itacen, aka ƙone ciyawar, ruwan zai sauko gaba ɗaya da jar laka. Lakar ta kwanta a gindin Tiga ta rage mata ciki, wadda ta wuce kuma ta isa matata, a ƙara alif, a ƙara kuɗi. Manoman shinkafa da tumatir na Kadawa da Kura da Bunkure daga wannan tafki suke sha, haka masunta da makiyayan fadamun Haɗeja da Nguru.

Jami'o'inmu ba su yi shiru gaba ɗaya ba. Farfesa E. A. Olofin na Jami'ar Bayero ya yi nazarin yadda Tiga ta sauya halin Kogin Kano a ƙasa da madatsar, kuma littafinsa na 1987 a kan yanayin ƙasar Kano har yau ɗalibai suna komawa gare shi. Malaman sashen labarin ƙasa na jami'ar sun gwada hotunan tauraron ɗan'adam na shekaru daban-daban sun nuna duhuwar Falgore tana ja da baya. Sai dai yawancin irin wannan aiki na neman digiri ne: ɗalibi ya je, ya auna, ya rubuta, ya kare a gaban malamai, kundin ya hau kanta. Wanda zai zo bayansa da sabon ma'auni zai zo, a wani wurin daban, don haka ba a iya jera sakamakon a ga inda aka dosa.

A ɓangaren dabbobi giɓin ya fi faɗi. Tsofaffin bayanan Falgore suna ambaton ɓauna, da gwanki, da kanki, da gwambaza, da mazo, da gada, da gadu, da gwaggon biri, da kura, har da zaki da damisa. Ana ta kwafar wannan jeri daga takarda zuwa takarda, a saka a tallan yawon buɗe ido, kamar dabbobin suna nan suna jiran baƙi. Binciken da Philipp Henschel ya jagoranta, wanda aka buga a 2014, ya gano cewa zakunan da suka rage a duk Afirka ta Yamma ba su wuce 400 da 'yan kai ba, kuma a Najeriya wuri biyu kawai aka tabbatar da su, Yankari da Kainji. Zakin da Kanawa suka fi sani a wannan zamani shi ne na Gidan Zoo, wanda ya kuɓuce daga kejinsa a Oktoban 2019 ya shiga wurin awaki, gari ya ɗauka har aka samu ya koma. Gidan Zoo ɗin nan, wanda shi ma aikin Audu Baƙo ne na farkon shekarun 1970, tafiyar 'yan mintoci ce daga gadar Ɗangi, kuma nan ne mafi yawan yaran Tarauni suke fara ganin naman daji, ranar sallah, ta bayan waya. Ba sai an je Falgore ba ma za a ga ɓacewa. Dattawa suna tuna lokacin da ungulu ke cika mahautar Kano da kan katangu. Tun 2015 irin wannan ungulu tana cikin jerin tsuntsayen da ke dab da ƙarewa a duniya, saboda guba da cinikin sassan jikinta.

Tsuntsaye ne ma suka fi samun marubuta. R. E. Sharland ya shafe shekaru yana kama tsuntsaye a Kano yana saka musu zobe a ƙafa, da yawansu baƙi ne da ke ƙetaro Bahar Rum da Sahara su yi hunturu a nan, kuma a 1981 shi da Roger Wilkinson suka buga jerin tsuntsayen Jihar Kano a mujallar Malimbus. A Jos an ga abin da zama wuri ɗaya yake haifarwa. A 1998 Robert Payne ya bayyana wa duniya wani ɗan jan tsuntsu na cikin duwatsun Filato wanda kimiyya ba ta san shi ba, sannan a farkon shekarun 2000 aka kafa cibiyar binciken tsuntsaye ta A. P. Leventis a dajin Amurum, wadda ta yaye ɗalibai daga ƙasashen Afirka da dama. Dajin Amurum ɗan ƙarami ne ƙwarai in aka gwada shi da Falgore. Abin da ya fi Falgore da shi mutane ne da suke kwana a wurin suna ƙirga abu ɗaya, a hanya ɗaya, shekara bayan shekara.

Haka ake yi a tsaunukan Sierra Nevada na kudancin Sifen, waɗanda suke kallon birnin Garnaɗa na tsohuwar Andalus. Tun zamanin mulkin Musulmi manoman can suke jan ruwan ƙanƙara ta magudanai su sake shi a gangare ya nitse, don ya ɓullo a maɓuɓɓugan ƙasa lokacin rani, wato sun daɗe da sanin cewa dutse rumbun ruwa ne. A 1999 aka mayar da tsaunukan gandun ƙasa, a 2007 gwamnatin yankin da Jami'ar Garnaɗa suka kafa shirin sa ido na dindindin: ana auna ƙanƙara, da ruwan rafuka, da itatuwa, da malam-buɗe-littafi, da tsuntsaye, da awakin dutse, a ajiye alƙaluman inda kowa zai iya dubawa. Ba wani sihiri a ciki. Ma'aunin ruwan sama, da sandar auna zurfin rafi, da kyamarar da ake ɗaure wa itace ta ɗauki hoton duk dabbar da ta gifta, ba su fi ƙarfin jihar da ke gina gadojin sama ba.

Za a ce tsaro, kuma gaskiya ne. Falgore ta yi ƙaurin suna da fashi da satar shanu da garkuwa da mutane, har a 2017 sojoji suka shiga da atisayen Harbin Kunama na biyu. Babu malamin da zai tura ɗalibansa su kwana a inda ba shi da tabbacin za su dawo. Amma akwai wata matsalar da ta fi wannan daɗewa, wato rashin yanke shawarar me ake so dajin ya zama. Sojoji suna ganinsa filin horo. Gwamnatin Abdullahi Ganduje ta yi ta kiran makiyaya su zo su zauna a ciki. A ƙarshen 2020 kuma gwamnatin tarayya ta sanya shi cikin sababbin gandayen ƙasa 10 da ta amince da su, tare da Kogo ta Katsina da fadamun Haɗeja. Kowanne daga cikin ra'ayoyin nan uku yana da hujjarsa, kuma makiyayin da aka cinye masa burtali da gonaki ba za a ce masa ya ɓace ba. Sai dai ba a raba daji tsakanin shanu da gwanki da bindiga ba tare da an san ciyawa nawa yake fitarwa, ina ruwan rani yake tsayawa, ina dabbobin da suka rage suke kwana ba. Mafarauta da Fulanin da suka tsufa a wurin sun san da yawa daga cikin wannan, kuma mai binciken da ya raina su zai ɓata shekaru yana neman abin da za a gaya masa a zama ɗaya.

Birni ma yana da hannu. Duk lokacin da gas ya yi tsada, buhunan gawayi suke ƙaruwa a bakin titunan Tarauni, kuma mai saye ba ya tambayar wane itace ne, daga wane daji. Ba laifin uwar gida ba ne da take neman abin da za ta dafa tuwo. Lissafi ne kawai da babu wanda yake yi, cewa rahusar da aka samu a murhu ana iya biyanta a kuɗin jarka.

Abin mamaki, masu ruwa da tsaki a wannan lamari kusan maƙwabtan juna ne. Hukumar raya kogunan Haɗeja da Jama'are, mai kula da Tiga, tana Hotoro a kan titin Maiduguri. Hukumar gidan zoo da namun daji ta jiha tana titin Zoo. Hukumar ruwan sha tana cikin gari, Jami'ar Bayero tana titin Gwarzo, ta kimiyya da fasaha tana Wudil. A Kenya an haɗa irin waɗannan a 2015 aka kafa asusun ruwa na Kogin Tana, inda masu amfani da ruwa a Nairobi, har da kamfanoni, suke zuba kuɗi a taimaki manoman tuddai su hana zaizayar ƙasa. Kano tana da manyan masu shan ruwa da za su iya ɗaukar irin wannan nauyi, daga masana'antun Sharaɗa da Challawa zuwa masu casar shinkafa da masu ruwan leda. Cikas ɗin shi ne da yawansu sun haƙa nasu rijiyoyin sun daina jiran famfo, gidaje masu yawa a Gyaɗi-Gyaɗi kuma kuɗin ruwansu a hannun 'yan garuwa yake ƙarewa, ba ya zuwa asusun kowace hukuma balle a yanki wani abu a tura Doguwa.